Kwamfutar Yaya da Ragon Kawu

Duk wanda ya ce maka wai ni na lalata kwamfutar Yaya, ka yi masa tambaya ɗaya tak: ta yi gudu ko ba ta yi ba? In ka ga ya fara sosa ƙeya, rabu da shi, ka zo ka sha labari daga bakin mai shi.

Yaya, wato babbar yayarmu, tana da shagon buga takardu a bakin titi, tsakanin shagon Tela da rumfar mai gyaran takalma. A cikin shagon akwai tebur, akwai benci, akwai firinta, sai wata kwamfuta da na tabbata ta girmi ɗan farin Yaya. Irin mai akwatin ƙarfen nan ce da ake girkewa a ƙarƙashin tebur, da gilashinta a sama mai ƙeya kamar tulu. In ka kunna ta da safe sai ka je ka yi wanka, ka karya, ka gaisa da maƙwabta, ka dawo ka tarar tana miƙa. In ka buɗe takarda biyu a tare, fankarta ta kama nishi ke nan kamar tsohuwa a kan tudu. Ga ƙorafin tsiya, kullum sai ta turo ɗan rubutu wai cikinta ya cika, babu wurin ajiya.

Ni kuwa a lokacin ina hutu ne. Mahassada suna cewa zaman banza, amma ai ba kowa ya san bambanci ba. A unguwa Injiniya ake kirana, tun ranar da na gyara wa Tela rediyo. Gaskiya ne daga ranar ba ta sake kama tasha ba, amma ƙarar shuuu da yake kuka da ita fa? Ta ɗauke ɗif.

Ran nan ina kwance a benci ina nazari da ido a rufe, sai Yaya ta shuri ƙafata.

"Auta, na gama magana da Kawu. Farkon mako za ka fara zuwa mayanka. Yana neman mai wanke hanji."

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, mahauci, mutum ne da tafin hannunsa ya kai shebur, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya gane wasa ba.

Na tashi zumbur. "Ni? Hanji? Da wannan hannun?"

"Da wane hannun kake cin tuwon gidana?"

"Yaya, wannan hannun na kimiyya ne."

"To kimiyyar ta je ta wanke tumbi."

Allah da ikonsa, daidai nan kwamfutar ta sanƙare. Ga mutum a tsaye yana jiran takardarsa, ga Yaya tana dukan madanni kamar mai kashe kiyashi. Sai na ga ƙofa ta buɗe mini.

"Ba ni ita zuwa gobe," na ce. "In ban sa ta gudu ba, da ƙafata zan kai kaina wurin Kawu. In kuwa ta yi gudu, a ba ni tebur nawa na kaina, da allo a sama an rubuta Injiniya."

"Gudu fa ka ce?"

"Gudu! Irin wanda sai kin bi ta kina roƙonta ta tsaya."

Tela, wanda kunnensa ya fi kekensa aiki, ya leƙo da awo a wuya. "Ni ne shaida! Na ji, na gani, zan kuma maimaita ko ba a tambaye ni ba."

Na aro sukundireba wurin mai takalma, na kwantar da akwatin a bakin ƙofa inda jama'a za su amfana da kallo. Da na ɗaga murfin, wallahi na zaci katifa aka dinka a ciki. Ƙura ta yi tsiri, ta yi gashi. Kyankyasai suka fito a jere, uwa da uba da 'ya'ya, har da kakansu mai jan ƙafa.

"Kun gani ko?" na ce wa 'yan kallo. "Ga masu shanye mata wuta."

Na aika a kawo mini famfon keke. Na saita bakinsa, na danna da ƙarfin da Allah ya ba ni. Ƙurar ta tashi gaba ɗaya kamar an kira ta, ta gewaye ni, ta wuce kai tsaye ta sauka a kan wata farar riga da Tela ya goge ya rataye a ƙofarsa.

"Injiniya! Rigar mutane!"

"Ai ka gode mini. Fari ya yi yawa a gari, yanzu ruwan toka ake yayi."

"Ruwan tokar gidanku!"

Ban kula shi ba, likita ba ya tsayawa cacar baki a kan mara lafiya. Na ƙwanƙwasa nan, na saurari can, na miƙe na yi wa Yaya bayani.

"Cutarta biyu ce. Ta farko mantuwa: ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, in ta riƙe wannan sai ta saki wancan. Ta biyu ƙoshi: rumbunta ya cika maƙil. Za mu ƙara mata memori, mu sake mata rumbu."

"A ina za ka samu memorin?"

"Yaya ke nan. Ba ga shi a aljihun kowa ba?"

Na bi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zare ɗan katin memorin wayarsa ya ba ni aro don ci gaban unguwa. Tela ma, duk da fushinsa, son ganin ƙwaƙwaf ya sa ya miƙo nasa, yana ta jaddada mini cewa duk hotunan ɗinkunan da yake nuna wa masu zuwa suna ciki. Na duba akwatin sama da ƙasa ban ga bakin da ya yi daidai da su ba. Sai na tuna akwai wani ɗan faranti da ke fitowa in an danna maɓalli. To faranti kuma me ake yi da shi in ba zuba abinci ba? Na jona wuta, na danna, ya fito. Na jera katunan reras, na tura shi ciki.

Ta yi ƙurrr, ta yi ƙaƙas, ta yi shiru.

Na sake dannawa. Farantin ya fito wayam.

"Ta cinye!" in ji mai takalma.

"Alhamdu lillahi," na ce, "mara lafiya ya fara karɓar abinci."

Ba su tsaya jin bushara ba, suka yo kaina. Dole na ɗaga akwatin na kifa shi ina jijjigawa kamar mai neman canji a asusu. Katuna suka dinga zubowa, kowa na wawurar nasa. Kowa ya samu, ban da mutum ɗaya.

"Nawa fa?" in ji Tela.

"Naka ya fi daɗi, shi ta riƙe."

Don kada maganar ta yi tsawo, na sulale zuwa kasuwa, wurin wani mai sayar da kayan kwamfuta. Na ce masa ina son ƙarin ƙwaƙwalwa. Ya zaro wata 'yar sanda koriya, siririya kamar matsefi, mai haƙoran zinariya a gefe ɗaya.

"Ram ake ce masa," in ji shi. "Amma iri-iri ne. Kwamfutar taku tsohon yayi ce ko sabo? Domin kowane da inda aka yi masa tsaga, in ba..."

"Malam, da Injiniya kake magana. Ba ni wanda ya fi kowane sabunta."

"To amma in tsohuwa ce..."

"Tsohuwa ba ta son sabon zane?"

Ya ɗaga kafaɗa ya naɗe mini. Na haɗa da sabon rumbu, wani ɗan falle mara nauyi kamar sabulun da ya kusa ƙarewa.

A hanyar dawowa ƙaddara ta bi da ni ta gaban mayanka. Kawu yana zaune yana wasa wuƙa.

"Auta! Zo nan. Na sa an wanke maka baho, har da 'yar kujerar tsuguno."

"A ba wani, Kawu. Ni gobe nake karɓar ofis. Kwamfutar Yaya zan tayar."

"Me ke damunta?"

"Raguwa ce."

"Me ake ba ta?"

Har na buɗe baki zan ce ram, sai wani shafi na littafin Turancinmu na makaranta ya faɗo mini a rai, mai hoton dabba da ƙaho a murɗe, da wannan kalmar a ƙarƙashinsa. Shaiɗan ya ɗan taɓa ni a haƙarƙari. Na gyara fuska.

"Rago ake sa mata, Kawu."

"Rago?"

"Haka masu abin suka rubuta. Maganin raguwa sai rago."

Kawu ya ajiye wuƙa, ya jinjina kai. "Ikon Allah. Ƙarami ko babba?"

"Iyakar girmansa, iyakar gudunta."

Na bar shi yana shafa gemu. Da na sha kwana na jingina da bango na yi dariya har da hawaye, ina tanadin yadda zan ba samarin unguwa labari.

Kashegari da hantsi ƙofar shagon Yaya ta cika. Tela ya yi shela kyauta, gida gida. Har da waɗanda suka zo da kujerunsu. Na fito da rigata mai aljihu huɗu, na soke biro a kowane.

Na fara da rumbu. Na kwance tsohon, mai nauyi kamar dutsen guga, na jefa shi a aljihun wando don kada ya tsare mini wuri. Na ɗauko sabon. Wayar da ke cikin akwatin faffaɗa ce kamar ɗamara, bakin sabon rumbun kuwa ɗan tsuke. Na gwada ta dama, na gwada ta hagu, suka ƙi gaisawa. Na karɓi zare a wurin Tela na ɗaure su fuska da fuska.

"Haka ake yi?" in ji Yaya.

"Za su saba. Kowane zama da haƙuri ake fara shi."

Sai 'yar sanda. Na nemo ramin da ake soke ta, na ɗora, na danna. Ta ƙi. Na juya ta. Ta ƙi. Na duba da kyau, ashe akwai wani ɗan tudu a cikin ramin, ita kuma tsagarta tana can gefe, sun yi hannun riga.

"Injiniya, a kawo guduma?" in ji Tela.

"Kai in riga ta matse mutum, jefar da mutumin kake yi? Ba buɗa ta ake yi ba?"

Na karɓi magagari wurin mai takalma, na goga wa 'yar sandar sabuwar tsaga a inda ya kamata tun farko masu ƙera ta su yi. Garin zinariya na zuba, jama'a na salati. Na mayar, na hau ta da manyan yatsu biyu. Ƙas! Ta zauna, ko da yake ta ɗan karkace kamar hular ɗan gayu.

Na mayar da akwatin ƙarƙashin tebur, na jona gilashi, na juyo na fuskanci jama'a.

"Duk mai hula ya riƙe ta. Iska za ta taso."

Na danna.

Tiit. Tiit. Tiit. Tiiiiit.

Gilashi baƙi ƙirin.

"Me take cewa?" in ji Yaya.

"Godiya take yi."

"Wannan ƙaurin fa?"

"Tsohuwar mantuwar ce ke ƙonewa."

"Auta." Ta kira sunan a hankali, irin kiran da ke zuwa kafin takalmi. "Ina gudun?"

Na buɗe baki ba tare da na san abin da zai fito ba, sai na ji taro ya dare biyu. Wani wari ya shigo, bayansa Kawu, bayan Kawu kuma wani rago da tunda uwata ta haife ni ban ga irinsa ba. Ƙirjinsa kamar na ɗan dambe, ƙahonsa ya yi murɗi biyu ya dawo yana leƙen idonsa.

"Ga shi, 'yata," in ji Kawu yana haki. "Auta ya ce shi ne maganin. Na zaɓo babban cikinsu. Aro ne fa, in an gama a maido mini."

Yaya ta dubi rago, ta dubi Kawu, ta juyo da idon nan nata kaina.

To, jama'a, ku auna mini. In na ce wasa nake yi, na mai da ƙanin uwata abin dariya a gaban unguwa, ga kuma shebur ɗin hannunsa a kusa da kunnena. In na yi shiru, ga baƙin gilashi yana tona mini asiri. Mutum mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da nan zai sanƙare kamar kwamfutar Yaya. Ni kuwa sai na tafa hannu.

"Yawwa! Abin da nake jira ke nan! Yo ta yaya za ta tashi babban aikin bai iso ba? Kawu, shigo da shi."

"Ta ina za a zura shi?" in ji Tela, yana riƙe ciki don dariya. "Ta farantin?"

"Jahilci dai ba kyau. Ba zurawa ake yi ba, jonawa ake yi. Ƙarfin jikinsa za ta ja."

Aka turo rago cikin shago da ƙyar, ya taka ƙafar mai takalma, ya ɗanɗani takardar wani. Na laluba bayan akwatin na samo wata doguwar waya mai kauri, wadda aka ɗaure da kusoshi biyu. Na naɗa ɗaya bakin a ƙahon rago, na zagaya, na sake zagayawa, na ƙulle tam. Aikina ba ya kwancewa, wannan ko maƙiyina ya sani.

"Kawu, saki igiyar. Kada ƙarfin ya bi ta hannunka ya zube."

Kawu ya saki.

Dabarata ita ce in ɗan ja lokaci, in ce ragon bai ƙoshi ba, a dawo gobe. Amma ban yi shawara da ragon ba. Yana ɗaga kai sai ya yi ido huɗu da baƙin gilashin nan. A ciki kuwa ga wani ƙaton rago, mai ƙaho irin nasa, ya zuba masa ido ba kunya ba tsoron Allah.

Ya yi huci. Na cikin gilashi ya yi huci. Ya sunkuyar da kai. Wancan ma ya sunkuyar.

"Kun gani?" na ce. "Sun fara fahimtar juna."

Ya ja da baya taku uku.

"Auta," in ji Kawu, "in ya ja da baya haka..."

Gwaram!

Gilashi ya tarwatse, tebur ya kife, Yaya ta haye benci tana salati. Ƙarar ta firgita ragon kansa, ya juya ya nufi ƙofa. Waya ta miƙe. Sai ga akwatin kwamfuta ya fito daga ƙarƙashin tebur da gudu, ya tsallake dokin ƙofa, ya bi bayan rago titi.

Jama'a suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Masu kujeru suka bar kujerunsu. Rago na jin ƙarar ƙarfe a bayansa yana ƙara wuta, akwati na tsalle yana tartsatsi a kan kwalta, murfi ya yi gabas, fanka ta yi yamma tana juyi ita kaɗai. Suka wuce mai keke. Suka wuce mai babur, har ya duba agogon gudunsa.

"Ku tare ta! Ku tare min ita!" Yaya ke nan, ta tattare zane tana bin su. "Don Allah tsaya!"

"Yaya, me na gaya miki?" na ce ina gudu a gefenta. "Ba ga shi kina roƙonta ba?"

Ta kai mini duka ba ta samu ba.

A daidai kwana akwatin ya daki bakin kwalbati, ya yi tari, ya tofo wani ɗan abu baƙi. Tela da ke bayanmu ya yi nutso a kansa kamar mai tsaron gida.

"Memorina! Memorina ya fito!"

"Aikin Injiniya ke nan," na ce masa. "Ba a asara."

Rago dai gida ya nufa. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar mayanka, ya ja birki, ya fara tuƙa kamar ba shi ba. Abin da ya rage na kwamfuta ya gangaro ya kwanta a gefensa, yana ɗan hayaƙi. Ni na fara isowa, don ko a gudu ba a bar ni a baya ba. Ina tsaye ina mai da numfashi sai na lura da inda nake: ga baho an wanke, ga 'yar kujerar tsuguno.

Unguwa ta iso a bayana. Yaya ta durƙusa gaban tarkacen ta ɗora hannu a ka.

"Takardun mutane! Duk aikina yana ciki!"

Nan na ji wani abu mai nauyi yana dukan cinyata. Na zura hannu a aljihu na zaro tsohon rumbu, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

"Ga aikinki nan, Yaya. Kin zaci zan bar shi ya hau wannan tafiyar? Tun safe na hango."

Ta fizge shi ta rungume, ta ƙulle a bakin zane. Ban ji godiya ba, amma na saba.

Na hau kan wani turmi na ɗaga murya. "Tela, kai ne shaida. Tsakaninka da Allah: ta yi gudu ko ba ta yi ba?"

Tela ya share hawaye. "Wallahi ta yi gudu. Ni tunda nake ban ga kwamfuta ta wuce babur ba."

"An bi ta ana roƙonta ta tsaya?"

"An bi ta."

"To a cika mini alkawari. Tebur da allo!"

Yaya ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta yi wani murmushi da bai kwanta mini ba.

"Gaskiyarka, Auta. Alkawari kaya ne. Kawu, akwai tebur a nan?"

"Ga shi can, wanda ake kankare tumbi."

"A ba shi. Kai kuma ka ce da ƙafarka za ka kawo kanka, ga shi ka kawo, har da gudu. Tela, allo fa?"

"Kyauta zan rubuta!" in ji munafukin.

Kawu dai har yanzu yana duban ragonsa yana duban tarkace. Ya matso kusa da ni, ya dafa kafaɗata da shebur ɗin nan har gwiwata ta lanƙwashe.

"Auta, ko dai ya yi mata girma ne?"

"Ya ɗan yi mata yawa, Kawu."

"Na faɗa a raina. Da tunkiya muka fara."

Yanzu haka in ka biyo ta mayanka za ka ga tebur a gefen famfo, da allo a samansa da jan fenti: INJINIYAN RAGO. Hanjin da kake gani ina wankewa, nazarin wayoyi nake yi, don duk tsarin ɗaya ne. Kuma suna ya tafi. Shekaranjiya wani direba ya tsaya da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, yana dariya, wai ya ji ana sa raguwa gudu a nan. Na zagaya ta, na ƙwanƙwasa taya, na saurari injin.

Na ce masa wannan ta fi ƙarfin rago. Ya dawo ranar da Kawu zai kawo bijimi.